Ranar da Na Wanke Baba Mai Hoto

"Ni zan wanke Baba!"

Wallahi haka na faɗa, da ƙarfi, a tsakiyar zauren da ya cika da masu zaman makoki, ranar sadakar uku. Ko takalmi ban gama cirewa ba. Saukowata ke nan daga lorin Salaga, ƙafafuna duk jar laka, da gwangwanin shayi a hammata. Na yi sallama, kafin a gama amsawa maganar ta kuɓuce mini.

Kowa ya juyo yana kallona. Wani dattijo ɗan Dagomba da ke bakin ƙofa ya tattara rigarsa ya matsa gefe. Na ji wani yana cewa a hankali, "Wayyo, yaron nan baƙin ciki ya taɓa masa kai." Yayan marigayin, wanda kowa a unguwar ke kira Malam don shi ke jan salla a masallacin layinsu, ya ɗago ido daga carbinsa.

"Kai ɗan wa ne?"

"Daga Salaga nake, Malam. Ɗalibinsa ne ni."

"To ɗan Salaga, ka makara. Da hannuna na wanke shi, na sa masa likkafani, muka sallace shi muka kai shi makwancinsa tun shekaranjiya. Wane wanki kuma ya rage?"

Sai a lokacin kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Na durƙusa ina ta ba da haƙuri, na ce hoto nake nufi. Mu masu hoto, in ka ɗauki mutum ba ka ganinsa sai ka tsoma fim ɗin a ruwan magani, shi ne muke ce wa wanki. Na ce cikin gwangwanin nan akwai fim da ba a wanke ba, kuma Baba yana ciki.

Nan fa surutu ya tashi. Duk Yendi an san Baba mai hoto. Shekara wajen talatin yana ɗaukar mutane, masu tafiya Makka, tsofaffin sojoji da lambobinsu, amare, 'yan makaranta. Kuma duk Yendi an san shi kansa ba shi da hoto ko ɗaya. Wani mahauci ya ce, "Ƙarya yake. Baturen gona ma ya gwada ɗaukarsa, bai samu ba."

Sai muryar mace ta fito daga bayan labulen ƙofar cikin gida. 'Yar marigayin ce, ita kaɗai Allah ya bar masa. Tana aure a Bawku, shekara shida rabonta da gida. Da labarin ciwonsa ya isa gare ta ta taso, lori ya kafe a laka, ta iso ta tarar an riga an dawo daga maƙabarta.

"Baffa, don Allah ku bar shi ya yi magana."

"Ba a gidan nan ba," in ji Malam. "Mutum ya koma ga Ubangijinsa. Addu'a yake bukata, ba takarda ba."

"Baffa, jibi zan koma, na baro yara. Ko ɗayansu bai taɓa ganin kakansa ba. Ni kaina in na rufe ido ina nemansa, murya ce ke zuwa, fuskar ba ta zuwa daidai."

Malam ya mayar da kai kan carbinsa, aka ci gaba da karɓar gaisuwa. Ni kuwa na samu lungu na zauna, na rungume gwangwanina, ina kallon igiyar da Baba ke shanya hotuna, ba komai a kanta sai 'yan maƙalai.

Bari in gaya muku yadda na san shi, ko da za ku yi mini dariya.

Wani ɗan'uwan babana mai kai doya Kumasi shi ya kawo mini 'yar kyamara, irin mai kama da ƙaramin akwati, da fim ɗaya mai ɗaukar takwas. Ba wanda ya koya mini komai. Na ɗauki kakata, na ɗauki akuyarmu, na ɗauki tsofaffin rijiyoyin bayan gari. Da fim ya cika na tambayi wani direba me ake yi kuma. Ya ce, "Sai a wanke." Ni kuwa na ɗauki sabulun salo da ƙwarya na tafi bakin rijiya da rana tsaka, na warware fim na cuɗe shi tas, har da soso. Na shanya a kan dutse na zauna ina jiran kakata ta fito. Har la'asar ba ta fito ba.

Da fushi na hau lori zuwa Yendi, don an ce can akwai wanda ya san aikin. Na shimfiɗa masa fim ɗin na ce an sayar mini da lalatacce. Ya ɗaga shi, ya shinshina, ya dube ni.

"Sabulun salo ne wannan?"

"I, Baba. Mai kyau ma."

Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Ya ƙwala wa matarsa kira, "Fito ki ga ɗan garinmu! Ya fi kowa tsabta a ƙasar Gwanja!" Ashe su ma a Salaga aka haife su, shi da Malam, suna samari suka dawo Yendi. Da ya gama share hawaye sai ya buɗe wani akwati ya ɗauko sabon fim ya danƙa mini. Ya ce in dawo Juma'a ta sama da tabarmata. Lokaci lokaci yakan tara masu son aikin su kwana biyu a gidansa, daga bayan sallar Juma'a har Lahadi.

Mu uku muka zo. Ni, da wani tela daga Kpandai wanda ba ya magana sai dai murmushi, da wani malamin makaranta ɗan ƙabilar Kusasi daga Bawku da muke kira Tica, mai agogon hannu da littafin Turanci a kan hoto. A zaure muka shimfiɗa tabarmi. Inna, matar Baba, ta riƙa turo mana tuwon zafi da miyar ayoyo kamar mun zo noma.

Da safiyar Asabar ya karɓe kyamarorinmu duka ya kulle. Ya fitar da mu bayan gari wajen da mata ke ɗibar ruwa, ya zaunar da mu a kan wani kututture. Rana ba ta gama fitowa ba, tururi na tashi daga ruwan a hankali, matan suna shigowa cikinsa da tuluna a ka, su ɓace, su sake ɓullowa. Ya ce, "Ku duba inda haske ke fara taɓa mutum. Wani a goshi, wani a kafaɗa. Ba ya gaisawa da kowa iri ɗaya." Muka yi ta kallo. Ni dai ji na yi kamar yau aka ba ni ido. Na ga yadda rana ke shiga ta kunnen yarinya ya yi ja, na ga ɗigon ruwa yana bin wuyan tulu da wuta a cikinsa.

Tica ya gaji. "Baba, ni na zo koyon foto, ba na zo kallon mata ba. Kuma wancan mace ya cika motsi, ba zai ɗauku ba."

"Ta cika motsi, Tica. Mace ce. Ka fara gane mace da namiji tukuna, sannan in ba ka akwatinka."

Har tela sai da ya yi dariya da sauti.

Bayan azahar ya shigar da mu ɗakin duhu. Wani ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙuryar gida, an toshe tagarsa da laka, bargo biyu a ƙofa, da fitila mai jan gilashi. A waje rana na ƙuna, a ciki kuwa kamar kana cikin tulu. Tasa uku a kan benci: maganin farko mai fito da hoto, ruwan kurkura, magani na biyu mai tsayar da shi. Ya sa tela ya kama bakin fim da hannu biyu yana jansa cikin tasa, sama, ƙasa, kamar mai wasa da zare. Tica ya ɗaga agogonsa kusa da fitila.

"Baba, minti nawa?"

"Ban san minti ba. Carbi uku ne."

Ya zaro carbi daga ƙusa ya fara ja. Astagfirullah. Astagfirullah. Ba sauri, ba jan rai, kamar ɗigon ruwa daga indararo bayan an ɗauke ruwan sama. Da ya kai ƙarshen na uku ya ce, "Cire." Tica ya dubi agogo, ya dubi littafinsa, ya ce daidai yake cif.

"Amma ni fa, Baba? Ni ɗan coci ne, ba ni da carbi."

"Kai ka riƙa duba agogonka. Ni zan roƙa mana mu biyu."

Ranar na ga hoto yana fitowa a takarda karo na farko. Fara ce fat a cikin ruwa, sai wani abu kamar hayaƙi ya taso, sai idanu, sai baki, kamar mutum yana tasowa daga ƙasan rijiya yana kallonka. Na yi ihu. Baba ya make mini ƙeya ya ce, "Yi shiru, kada ka firgita shi ya koma."

Da ya mayar mana da kyamarorinmu, mun yi ta ƙoƙarin ɗaukarsa, mu ukun. Da ka saita shi sai ya fara kaɗa kai kamar ƙadangare, don ya san hoton zai dagule. Inna ce ta gaya mana dalili, tana tsince wake. Lokacin da ya bar fataucin goro ya sayi akwatin hoto, Malam ya yi fushi sosai, ya ce ɗan gidan malamai ba ya cin abinci da surar mutane. Suka yi shekara ba sa ga maciji. Daga baya Baba ya je ya durƙusa ya ɗauki alkawari: zai yi sana'arsa, amma shi da duk mai jininsu ba wanda zai zauna gaban akwati. Suka koma gaisawa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kullum tare suke salla, amma Malam bai taɓa taka ƙofar ɗakin duhu ba, Baba kuma bai taɓa ɗaukar ko 'yarsa ba. Inna ta ce, "Ranar da aka kai ta Bawku, ya ɗauki ƙawayenta duka. Ita kuwa ya tsaya yana kallonta kawai har mota ta tashi."

Ranar Lahadi bayan an ci abinci ya kishingiɗa a kujerarsa ta zane ƙarƙashin mangwaro, hula ta zamo gaban goshi. Saura ɗaya a fim ɗina, don na ƙarar da sauran a bakin ruwa da safe. Hasken da ke ratsowa ta ganye yana yawo a gemunsa. Na cire takalmi, na lallaɓa, na riƙe numfashi, na danna. Ƙyas. Bai motsa ba.

Da ya rako mu tasha, na sa ƙafa zan hau lori sai ya kama wuyan hannuna.

"Ɗazu na ji motsin ɓarawo."

Na sunkuyar da kai, shi kuwa ya ci gaba.

"Alkawarin da na yi, ba zan zauna gaban akwati ba. To ban zauna ba, kwance nake." Ya ɗan matse hannun. "Amma kada ka wanke ni ina da rai. Ka ji ko?"

Na naɗe fim ɗin a baƙin ƙyalle, na sa a gwangwani, na tura cikin tukunyar geron kakata. Damina biyu ta wuce a kansa. Na koma wurin Baba sau da yawa, bai ƙara tayar da maganar ba. Duk mai hoto ya sani fim ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son jira. Ina zaune a lungun zauren nan ina tunani, ko Malam ya yarda, mai yiwuwa in buɗe in tarar ba kowa a ciki.

Washegari da hantsi aka ce Malam na kirana. Na same shi shi kaɗai a zaure, 'yar marigayin na durƙushe a gefe, idanunta sun kumbura. Ya ce in faɗa masa gaskiya yadda aka yi ƙaninsa ya karya alkawari. Na kwashe duka na gaya masa, har abin da ya ce mini a tasha.

"Ya ce kwance yake?"

"Haka ya ce, Malam."

Gefen bakin Malam ya motsa, ya yi sauri ya shafa gemu. "Tun yana yaro haka yake. A ce kada ya hau bishiya, sai ya hau katanga ya tsinko." Sannan ya laluba aljihu ya fito da ashana ya nuna mini. "A gabana za a yi. In ga abin da ya raba ni da ƙanina shekara talatin. In na ga abin da bai kwanta mini ba, da hannuna zan ƙone shi, kuma ba mai yi mini kuka."

"Na yarda, Baffa," in ji ta.

Muka shiga mu uku, Inna ta saki bargo a bayanmu. Ɗakin yana nan da warin maganinsa. Na haɗa ruwa kamar yadda ya koya mini, na kunna jar fitila na rage ta sosai, na warware fim na kama bakinsa biyu. Sai na tuna ba ni da hannu na uku.

"Malam, ku taimake ni. Carbi uku za ku ja mini. Istigfari, ba da sauri ba."

"Na mene ne?"

"Shi ne agogon Baba. In ya gaza uku hoto ba ya fitowa, in ya wuce ya ƙone."

Ban ga fuskarsa sosai ba, jan haske ne kawai a gefen rawaninsa.

"Kullum haka yake yi?"

"Kowane wanki, Malam. Uku a maganin farko, shida a na biyu."

"Duk shekarun nan?"

"Ban taɓa ganin ya yi ba da shi ba."

Na ji tsoro ko fita zai yi. Sai na ji ya ajiye nasa carbin a benci, ya miƙa hannu ya laluba bango ya ciro na Baba daga ƙusa.

"Tsoma."

Na tsoma. Astagfirullah. Astagfirullah. Jama'a, murya ɗaya ce da ta Baba, har inda yake ɗan shaƙewa a ƙarshen kalma. Na ji 'yar ta ja numfashi. Ni dai ina jan fim sama da ƙasa, ruwa na kaɗawa a tasa, na rasa ko yau ce ko waccan Asabar ɗin. Wajen tsakiyar na biyu muryar ta karye, amma bai yi sauri ba, bai tsallake ko ƙwaya ɗaya ba. Ya ce, "Uku." Na cire, na kurkure, na sa a magani na biyu. Ya ja shida.

Da muka ɗage bargo na ɗaga fim ɗin a hasken ƙofa. Laima ta ci shi. Na farko toka, na biyu toka, matan bakin ruwa duk sun narke sun zama gajimare. Na bi da yatsa har ƙasa. Na takwas, wanda ya fi shigewa cikin naɗin, yana nan. Gefensa ɗaya ya yi tabo, amma tsakiya ga mutum a kujera.

Malam ya karɓa ya kai kusa da ido. Ga wanda bai taɓa gani ba, a fim komai a juye yake fitowa, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Baba yakan ce masa uwar hoto, don daga ita ake fitar da na takarda. To a jikin uwar, furfurar Baba duk ta koma baƙa wuluk, fuskarsa kuma na haske.

"Gemunsa baƙi," in ji Malam, kamar mai magana cikin barci. "Haka yake ranar da muka baro Salaga. Shi ke ɗauke da buzun babanmu."

Ban tsaya ba. Da fim ya bushe muka koma ciki, na ɗora shi kan takarda a ƙarƙashin gilashi, na nuna wa haske, na tsoma. 'Yar ta sunkuyo kan tasa. Hayaƙi ya taso, ganyen mangwaro, hula, farin gemu. Sai ta dafe baki.

Ashe idonsa ɗaya a buɗe yake. Na hagu a rufe ruf, na dama kuwa yana kallon mai ɗauka ƙir, da dariya a cikinsa.

"Baba!" Tana kuka tana dariya. "Haka yake mini in na lallaɓa zan fita wasa. Baffa, ku duba, wallahi haka yake yi!"

Malam ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ashanar na hannunsa, yana juya ta.

"In ta bushe ka ba ta takardar," in ji shi. "Ki nuna wa yara. Kada ki rataya a inda ake salla."

Ya mayar da ashana aljihu, ya nuna fim ɗin da haɓa. "Wannan mai baƙin gemun kuma, yanko mini shi."

"Malam, in babu uwar ba a iya fitar da wani."

"Ai ban ce zan ci ba. Katanga ɗaya ce."

Ya naɗe ta a farin hankici ya sa a aljihun ƙirji. Washegari 'yar ta hau lorin Bawku da mahaifinta a cikin zanenta, tsakanin kwali biyu don kada ya lanƙwashe.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka masa kabarinsa fiye da yadda ya haskaka fuskokinmu, ya karɓi duk abin da ya ja a ɗakin nan ba wanda ya sani.

Yanzu roƙona gare ku. Na san daga Salaga har Bawku akwai gidajen da aikin hannunsa ke ajiye a ƙasan akwati. Duk wanda ya taɓa zama a gabansa, ko ya kwana a zauren nan yana koyo, don Allah ya neme ni ranar kasuwa ya ba ni labarin yadda suka yi da shi, ina so in tara kafin a manta. Wanda ya ba ni labari zan ba shi hoton Baba. Sai dai ku yi haƙuri da jinkiri, don uwar tana wurin Malam, kuma ya ce duk ranar da za a yi wanki a aiko a kira shi. Wai bai yarda da ƙirgen yaran zamani ba.